Ƙarfen Gaban Mota da Ƙafar Ɗan Mutane

Duk mai neman abinci a fadamar Hadejia ya san abin da ruwan farko yake yi wa hanya. Shinkafar rani kan nuna ne daidai lokacin da hadari ya fara haɗowa, tsakanin Mayu da Yuni, sai a shiga rige-rige: manomi yana son ya kwashe, mai saye yana son ya loda, sama kuma ba ta jiran kowa. Hanyar da aka bi jiya ƙura na tashi, ruwa ɗaya ya isa ya mayar da ita baƙar laka mai danƙo. Daga Auyo zuwa Kirikasamma, har can wajen Guri, da wuya ka sami direban da bai taɓa kwana a bakin gona yana jiran tarakta ta zo ta ciro shi ba. Ni sana'ata sayen shanshera ina kai wa masu casa a Kano, kuma motata, Hilux ƙirar 2012 mai shan fetur, ta sha kafewa a wannan lakar har na gaji da roƙo da biyan kuɗin ja.

Shi ya sa na ƙudura zan sa mata bambar ƙarfe da winci, injin nan mai aiki da batir da ake ɗaurawa a hancin mota, a warware igiyarsa a kama bishiya, mota ta jawo kanta da kanta. Niyyar ba ta da aibi, har gobe ina ganin mai aiki a irin wannan wuri yana da hujjar mallakar winci. Aibin yana cikin yadda na sa aka ɗaura shi da yadda na yi aiki da shi, kuma ba a kaina abin ya ƙare ba. A kan ɗan mutane ya ƙare.

Wajen sayen wincin na yi ƙoƙari. Masu ƙera shi suna cewa a ɗauki nauyin mota cike da kaya, a ƙara rabinsa a kai, a nemi injin da ya kai wannan ƙarfin. Hilux da lodinta tana kaiwa wajen tan uku, ke nan ana neman mai jan tan huɗu da rabi. Na sayi wanda aka rubuta wa 12,000 a kwali, awon laba na Amurkawa, wato kimanin kilo 5,400, mai igiyar ƙarfe. Kusan duk kuɗin da na ware a nan suka tafi. Da na tambayi farashin bamba 'yar kanti, irin ta kamfanin ARB na Ostireliya wanda yake wannan aikin tun 1975, sai na ga ta fi ƙarfin aljihuna a lokacin. Sai na ɗauki hotonta a waya, na ce ai ƙarfe ne, a nan ma muna da masu walda.

Akwai wani dattijon bakanike da ya daɗe yana duba mini mota. Na nuna masa hoton ina murna. Ko kallo na biyu bai yi masa ba, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar.

Ya ce, "Alhaji, injin nan ka ce zai ja tan biyar. To tan biyar ɗin ta ina za ta bi ta shiga jikin mota?"

Na ce, "Baba, ai walda za a yi, a ɗaure da noti."

Ya ce, "Wane noti? A wane rami? Ka bari a yi abin nan a tsanake. Kada a kusanto da wuta jikin shasin nan."

Ya lissafa mini abin da ake bukata. Farantin da winci zai zauna a kai kada kaurinsa ya gaza milimita 6. Maƙalan da za su haɗa bamba da shasi su zama na ƙarfe mai kauri, a yanka su daidai da ramukan da kamfani ya riga ya huda, su shiga can ciki su kama wuri fiye da ɗaya. Notoci su zama masu lamba. A canza sifirin na gaba. A kira rewaya na gaske ya ja wayar wuta. Na tara kuɗin a raina, na duba kwanakin da suka rage a fara yankan shinkafa, na yi masa godiya na tafi. Ban dawo ba sai da mai afkuwa ta afku.

Mai waldar da na kai wa aikin ƙwararre ne a kan ƙyaure da taga da tankin ruwa, kuma ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Abin da na ce ya yi shi ya yi, a kuɗin da na taya bayan na matse shi. Har tambayata ya yi ko a aika a sayo notocin mota, na ce ya sa waɗanda ke akwai, noti ai noti ne. Da ramukan maƙalan suka ƙi yin daidai da na shasi, ina tsaye ya buɗa su da wutar gas, suka tashi daga zagaye suka koma dogaye. Da na ga kamar abin yana rawa, ni da bakina na ce ya ɗan ɗiga walda a bakin shasin don ƙarin ƙarfi. Aka goge, aka fesa baƙin fenti. Ta yi kyau ƙwarai. Duk inda na tsaya sai an zagaye motar ana tambayar inda aka yi mini.

Noti ba noti ba ne, kuma shaidar tana rubuce a kansa ga mai son karantawa. Idan ka duba kan notin mota sau da yawa za ka ga lamba, irin su 8.8 ko 10.9. Lambar tana faɗin ƙarfin ƙarfen da aka yi shi da shi. Mai 8.8 ya ninka mai 4.6 wajen jure ja kafin ya tsinke, kuma wajen jure lanƙwasa ya fi ninki biyu. Wanda kansa sumul yake babu lamba, irin na shagon kayan gini, bai yi maka alkawarin komai ba. Irinsa aka sa mini. Shi kuma ramin da aka buɗa da wuta, bakinsa ba ya zama daidai, noti ba ya kama shi sosai, duk gargadar da mota ta shiga sai ƙarfe ya ɗan motsa ya ci jikin notin. Walda a kan shasi kuwa, zafinta yana canza halin ƙarfen da ke gefenta, wurin ya zama inda tsaga za ta fara. Duk wannan Baba ya dunƙule mini a magana ɗaya, na ɗauke shi tsoron tsofaffi.

Motar ma ta yi ta gaya mini, ban saurara ba. Bamba da winci sun haura kilo ɗari, kuma nauyin a rataye yake gaban ƙafafun gaba, inda ya fi danne sifirin. Hancinta ya sunkuya. In na shiga rami sai in ji ta buga ƙasa-ƙasa, shokazoba ta ƙure. Fitilu suka koma haska gindin mota, na daina hango nesa da dare. Tayoyin gaba suka fara cinyewa ta gefe ɗaya. Birki ya ƙara tsawo. A hanyar Ringim da rana tsaka allurar zafi ta fara hawa inda ba ta saba zuwa ba, domin faranti da jikin wincin sun tare wa lagireto iska. Sannan akwai wata 'yar ƙara, ƙwas-ƙwas, da nake ji daga dama duk sanda na hau gargada. Na ce sabon abu ne, zai zauna.

Wayar wuta ma haka. Winci irin wannan in ya ɗauki cikakken nauyi yana zuƙar wutar da ta haura amfiya 400, alhali altanetar motar ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan da ƙyar take bayarwa, sauran duk daga batir yake fitowa. Wayar da za ta ɗauki wannan wuta dole ta yi kauri, ta gaba da ta dawowa duka su tafi kan batir kai tsaye, a sa makunnin da zai yanke wutar gaba ɗaya in ba a aiki. Ni wayar da ta zo a kwali ta gaza tsawo, aka yi mata ƙari da siririya, aka naɗe da salatif, babu makunni. Tun ranar gwaji na ji ƙaurin roba.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne, wincin ya yi aiki. Na kafe a wasu wurare, na kama bishiya, na fito. Ƙananan ja ne, mota babu kaya, laka ba zurfi. Amma ni sai na ɗauka na ci jarrabawa, har ina ba wasu shawara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana, kuma a wuyana na gani.

Ranar da abin ya faru, wata Canter ce da na yi haya, maƙare da buhunan shansherata, ta nutse a bakin wata gona har laka ta taɓa cikinta. Abin da ya kamata kowa ya sani: a sauke buhunan, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa itace da kara, ko a aika a kira tarakta. Amma gabas ta yi baƙi, 'yan dako sun ce saukewa da sake lodi kuɗinsa daban, ni kuma ga injin tan biyar a hancin motata, ga jama'a suna kallo. Na ce a matsa, yanzu zan fitar da ita.

Lissafin tun daga tushe a karye yake. An auna wincin ne don ya ciro motar da yake jikinta, ba babbar mota da lodi ba. Motar da ta nutse har ciki kuwa, lakar tana tsotse ta, ƙarfin da za a ja ta da shi yakan wuce nauyinta nesa. Sannan lambar nan ta 12,000 ba kullum ake samunta ba. Ana samunta ne in an warware igiya kusan duka, saura naɗin farko a jikin ganga. Duk naɗin da ya hau kan wani, ganga ta ƙara kauri, ƙarfi ya ragu, har a naɗin sama ya yi ƙasa sosai. Ni kuwa tudun da na samu na tsaya kusa yake da Canter ɗin, igiya kaɗan na warware, kuma a karkace nake, ba saitinta ba.

Na danna. Maimakon babbar mota ta motsa, tawa ce ta fara sulalewa wajenta. Wannan ita ce dama ta ƙarshe da na samu, domin sulalewar nan tana nufin nauyin ya fi ƙarfina. Sai na sa aka kawo sarƙa aka ɗaure bayan motata a gindin wata bishiya. Da wannan na toshe hanya ɗaya tilo da ƙarfin yake samu yana fita. Bishiya ba za ta tafi ba, Canter ba za ta tafi ba, saura abin da ke tsakaninsu.

Saboda karkatar da na yi, igiyar ta fara taruwa a gefe ɗaya na gangar. Yaron Canter ɗin, matashi ne da bai wuce shekara ashirin ba, mai kuzari, duk ranar yana ta kai da kawo. Na ce masa, "Kai, samari, zo ka tsaya nan ka riƙa tura igiyar nan da sanda." Ya ce, "To, Alhaji," ya zo ya tsaya dab da hancin motar, ta dama. Ni na kira shi, ni na nuna masa inda zai tsaya.

Injin yana kuka yana ja da ƙyar, muryarsa ta canza, ban ɗaga yatsana ba. Sai ƙara kamar an harba bindiga. Maƙalin dama ya ɓalle, igiyar da ke ɗaure tamau ta fizgo bambar da wincin gaba ɗaya, gefen ƙarfen ya same shi ƙasa da gwiwa. Wayoyin suka tsinke suna tartsatsi a jikin ƙarfe, babu makunnin kashewa, sai da wani direba ya buɗe bonet ya kwance kan batir da sifana. Ban san sanda na yar da abin dannawar ba. Abin da na riƙe shi ne salatin mutane, da yaron a kwance cikin laka yana kiran sunan Allah.

Ƙasusuwan ƙwaurinsa biyu duka sun karye. An yi masa aiki a asibiti an sa ƙarfe, ya daɗe a kwance. Na ɗauki nauyin magani da na gidansu, wannan wajibi ne ba alheri ba. Ya warke, amma yana ɗingishi, kuma hawa saman lodi da tsalle daga bayan mota, wanda shi ne aikinsa kuma hanyarsa ta zama direba wata rana, ya gagare shi. Mahaifinsa, manomi, ya karɓe ni a zaurensa ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta. Mun yafe." Na yarda da ƙaddara, kuma na gode wa wannan bawan Allah. Amma na san abin da shi bai sani ba: an gaya mini, da baki, tun kafin a yanka ƙarfe na farko. Imani da ƙaddara bai wanke sakaci ba, kuma yafiyarsa ba ta mayar wa ɗansa ƙafa ba.

Da aka jawo motar gareji, Baba bai ce mini "na faɗa maka" ba. Ya tsinto guntayen notocin ya ɗora mini a tafin hannu. Biyu sun gutsure. Ya nuna mini fuskar karayar ɗaya: rabi yana ƙyalli, rabi ya yi tsatsa. Ya ce, "Alhaji, wannan tsatsar ba ta jiya ba ce. Notin nan ya daɗe da tsagewa, kana yawo da shi." Ƙwas-ƙwas ɗin da nake ji ke nan. Ya kuma haska mini bakin shasin, ga tsaga siririya ta tashi daga gefen waldar da na sa aka ɗiga. Ko ban ja Canter ba, wata rana bambar za ta iya saukowa ƙarƙashin taya ina gudu a kan kwalta da mutane a ciki.

Na sake sa winci, domin lakar fadama tana nan. Wannan karon a gaban Baba aka yi, aka ɗauki lokaci. An gyara bakin shasin a wurin masu aikin, an yanka maƙalai daidai ramukan asali, an huda da injin huji ba da wuta ba, an sa notoci masu 10.9 da wosha, an ɗaure su da sifana mai awo, kuma ana sake bin su bayan an yi tafiya. An canza sifirin, an saita ƙafa da fitilu, an buɗe wa lagireto hanyar iska, an ja waya mai kauri da makunni. Na bar igiyar ƙarfe na koma ta zare, irin ta Dyneema, wadda ba ta da nauyi kuma in ta tsinke ba ta yin bulala irin ta ƙarfe, ko da yake ita ma ba ta son zafi, kuma yashi da laka suna cin ta in ba a wanke ba. Na sayi fuli, wanda in aka zarga igiya ta cikinsa aka dawo da ƙugiya jikin mota, ja yana kusan ninkuwa, kuma da shi ake gyara karkata. Kuɗin duk waɗannan bai kai abin da na kashe a asibiti ba.

Amma babban abin da ya canza ba a jikin motar yake ba. Yanzu kafin in danna, sai na kori kowa ya yi nisan da ya wuce tsawon igiyar da aka warware, yara da manya, ko za a ce na cika tsanani. Ba mai taɓa igiya tana ɗauke da nauyi, ba mai tsallaka ta. Ana ɗora bargo ko buhu a tsakiyarta don ya kwantar da ita in ta tsinke. Ba na warware ta har ƙarshe, sai na bar aƙalla naɗi biyar a ganga, na zare ma fiye da haka. Ina ja kaɗan in huta, injin mota a kunne, don batir ya farfaɗo wincin ya huce. Kuma in babbar mota ta kafe da kaya, kayana ne ko na wani, sai a sauke.

Akwai wani ɓangaren da sai bayan abin ya faru na tsaya na yi tunani a kansa. Bambar roba da kamfani ya sa wa mota, wadda muke rainawa, da gangan aka yi ta mai taushi. Ita da ƙarafan da ke bayanta an tsara su su lotsa su shanye bugu, kuma na'urar da ke buɗe jakar iska tana auna yadda bugun ya iso ne kafin ta yanke hukunci. In ka maye gurbinsu da ƙarfen da ba ya lotsawa, wanda ba a gwada shi da wannan motar ba, jakar tana iya fashewa a bugun da bai kai ba, ko ta buɗe ba a kan lokaci ba. Ga wanda ke wajen mota kuwa, abin ya fi muni. Wannan ƙarfen asalinsa na dazukan Ostireliya ne, inda mota take karo da dabbar kangaru a hanyar da ba kowa. A cikin mutane, ƙirjin yaro da ƙugun babba yake samu. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa masa ƙa'idoji masu tsauri da suka fara aiki a 2007, Indiya kuma ta umarci jihohinta su hana shi a ƙarshen 2017. Mu nan titunanmu cike suke da 'yan makaranta, masu talla, 'yan acaɓa da masu tura kura. A ganina motar da ba ta barin kwalta, daga gida sai ofis sai ɗaurin aure, ba ta da wata hujjar ɗaukar wannan ƙarfe, kuma da yawa daga cikin waɗanda nake gani a Kano don ado aka sa su. Ni kaina, in shinkafa ta ƙare na dawo gari, da nauyin zuciya nake ratsa kasuwa da shi.

Ina roƙon masu walda, ku da hannunku yake kan aikin: in mai mota ya zo da hoto a waya yana gaggawa yana ragin kuɗi, ya ce a buɗa rami da wuta ko a ɗiga walda a shasi, ku ce masa a'a, ko da zai tafi wani wuri. Kai kuma ɗan'uwa da ka riga ka sa, kada ka jira damina. Yau ka durƙusa da tocila ka karanta kan kowane noti da ke riƙe da bambarka. In ba ka ga 8.8 ko 10.9 ba, kada ka ɗaura wa wincin nan ko da buhu ɗaya sai an canza su.